Shin ƙwaƙwalwata ce ta gaza, ko himma ce ta mutu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, ina karanta kimiyyar sinadarai. A sakandare ban taɓa wuce na uku a aji ba, kuma gaskiya ba na wani shan wahalar karatu. Da na shigo jami'a sai komai ya juya. Zangon farko na tsallake da ƙyar, na biyu na faɗi kwas biyu. Yanzu ko littafi na buɗe sai in ji jikina ya mutu. Akwai wanda muka yi sakandare tare, a da ni nake koya masa, yau ya yi mini nisa. Wasu na ce mini himma ce ba ni da ita, wasu na ce in gyara tunanina. Shin da gaske himma da yadda mutum yake tunani suna canja sakamakon jarrabawa, ko kuwa dai iyakar ƙwaƙwalwata ke nan?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Na farko, ko himma da irin tunanin da ɗalibi ke yi suna taɓa makinsa. Na biyu, wanda na san shi ne ke hana ka barci, ko faɗuwar nan shaida ce cewa basirarka ta kai iyakarta. Aikina koyar da ilimin halayyar ɗan'adam ne a fannin karantarwa, kuma masu irin ƙorafinka su ne suka fi ƙwanƙwasa mini ƙofa duk lokacin da sakamako ya fito. Zan amsa maka da abin da bincike ya nuna, da kuma abin da nake gani da idona.

Eh, suna taɓa maki, amma ba ta inda masu lakcar zaburarwa ke nunawa ba. Himma ba ta shiga ɗakin jarrabawa ta riƙe maka biro. Aikinta yana faruwa ne makonni kafin nan, musamman washegarin ranar da mutum ya ga makin da bai yi masa daɗi ba. Zai koma ya duba inda ya kuskure, ko zai cusa takardar a ƙasan jaka? Zai je ya tambayi malami, ko kunya za ta hana shi? Zai sake salon karatu, ko zai ƙara awanni a kan salon da ya kayar da shi? Waɗannan ƙananan zaɓuɓɓuka ne ke taruwa su zama sakamakon ƙarshen zango.

Dalilin da gwanin sakandare ke yin tuntuɓe

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne cewar da ka yi ba ka shan wahalar karatu a sakandare. Ka kawo shi a matsayin hujjar cewa kana da kai, kuma haka ne, kana da shi. Amma a wurina nan ne bakin zaren. Yaron da ke ɗaukar darasi da ji ɗaya yakan gama sakandare bai taɓa koyon yadda ake karatu ba, domin bai taɓa buƙata ba. Abin da ake koyarwa bai da yawa, malami na bin sawunsa, tambayoyin jarrabawa kuma kusan abin da aka rubuta a allo ne aka ɗan juya. A jami'a abin da ake zubawa a mako ya ninka na da, ba wanda zai tambaye ka ko ka karanta, kuma tambaya kan zo da siffar da ba ka taɓa gani ba. Shi kuwa abokin nan naka, shekarun da ya yi yana fama sun koya masa abin da kai ba ka samu ba. Ya saba zama da abin da bai gane ba har ya gane shi, kuma tambaya ba ta yi masa nauyi a baki. Ba basira ya fi ka dare ɗaya ba, kayan aikin da wurin ke buƙata ne ya shigo da su.

Akwai kuma batun ma'auni. Herbert Marsh ya nuna tun 1984 cewa ɗalibi na auna iyawarsa ne da ta na kusa da shi. Yara biyu masu ƙoƙari iri ɗaya, wanda ke makarantar da haziƙai suka yi yawa yakan raina kansa fiye da wanda shi ne zakara a tasu. Jami'a kuwa zakarun makarantu take tattarawa a aji ɗaya. Dole wani ya zama na talatin, alhali jiya shi ne na ɗaya.

Sai yabo, wanda mutane ba su cika zargi ba. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck, a lokacin suna Jami'ar Columbia a Amurka, sun ba yara 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyi da ba su yi tsauri ba. Da suka gama, aka yaba wa wasu da cewa lallai suna da basira, wasu kuma aka ce lallai sun yi aiki tuƙuru. Daga nan aka ba kowa tambayoyi masu wuya har suka sha kaye. Waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin sarewa, aikin ya fita daga ransu, da aka dawo da su kan tambayoyi irin na farko ma sai makinsu ya ragu. Kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa aiki kuwa makinsu ƙaruwa ya yi. Daga irin wannan bincike Dweck ta bayyana tunani iri biyu: na mai ganin basira kaso ce da aka yanka wa kowa, ba ƙari ba ragi, da na mai ganin iyawa na ƙaruwa da aiki da dabara. Ga na farko, shan wuya kansa hukunci ne: tunda har na wahala, ashe ba ni da kai. Sake duba jimlarka ta ƙarshe za ka ga daga wane ɓangare ta fito. Wanda aka daɗe ana kiransa haziƙi, ranar da ya faɗi kwas yakan ji kamar sunansa ne ya faɗi.

Fassarar da kake yi wa faɗuwa

A nan zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne tunani ya fi yin ɓarna ko gyara. Bernard Weiner na Jami'ar California da ke Los Angeles ya shafe shekarun 1970 da na 1980 yana nazarin dalilan da mutane ke bayarwa idan sun ci ko sun faɗi. Ya ce kowane dalili ana iya yi masa tambaya uku: daga gare ni yake ko daga waje, mai dawwama ne ko mai sauyawa, ina da iko a kansa ko ba ni da shi.

Ɗauki ɗalibai uku da suka ci maki 38 a gwaji ɗaya. Na farko ya ce, "Ni dama ba ni da kan lissafi." Na biyu ya ce, "Malamin nan mugu ne, ba ya ba da maki." Na uku ya ce, "Na haddace ƙa'idojin duka, amma ban zauna na warware tambaya ko goma da hannuna ba." Duk ukun ransu ya ɓaci, kuma mai yiwuwa kowa na da ɗan gaskiyarsa. Amma tambayi kowannensu me zai yi gobe da safe. Na farko ba shi da abin yi, ai ba a sake kai. Na biyu ma haka, sai dai ya yi fatan a canja malami. Na uku ne kaɗai ya tashi da aiki a hannunsa. Kuma ka lura, bai fi sauran yi wa kansa sassauci ba, shi ne ma ya fi ɗora wa kansa laifi. Bambancin shi ne ya ɗora laifin a kan abin da ake iya gyarawa.

An gwada wannan a aikace. A 1982 Timothy Wilson da Patricia Linville sun tara ɗaliban aji ɗaya na wata jami'a a Amurka waɗanda makinsu ke damunsu. Ba a koya musu darasi ko ɗaya ba. An dai nuna wa wasunsu alƙaluma da hirarrakin bidiyo na ɗaliban manyan azuzuwa suna cewa su ma a shekarar farko makinsu ya yi ƙasa, daga baya ya tashi. Bayan shekara, waɗanda suka kalli wannan makinsu ya fi na sauran haurawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka bar makarantar. Ɗaliban da aka yi gwajin da su ba su da yawa, amma an maimaita irinsa a wurare da dama daga baya. Abin da ya sauya a kansu guda ne: sun daina karanta wahalar shekarar farko a matsayin hukunci na dindindin.

Yanzu ga mutuwar jikin da kake ji in ka buɗe littafi. Mutane za su kira ta kasala, ni ban cika ganin kasala a irin wannan ba. Littafin ya zama abin da ke tuna maka da kaye, jiki kuma yana gudun abin da ke sa shi jin kunya. Na san yadda daren irin wannan ɗalibi ke tafiya. Zai gyara tebur, ya jera biro, ya ce bari ya duba saƙo ɗaya a waya, ya tashi ya wanke riga, sai dare ya raba sannan ya buɗe shafin farko da ido mai nauyi. Da safe a ƙofar ɗakin jarrabawa shi ne zai fi kowa ɗaga murya yana cewa, "Wallahi ko buɗe littafin nan ban yi ba." Steven Berglas da Edward Jones sun bayyana wannan hali a 1978: mutum ya sa wa kansa tarnaƙi da gangan don ya sami abin fakewa. In ya faɗi, ai bai karanta ba ne. In ya ci, ka ga haziƙi. Abin da yake tsoro shi ne ya yi iya ƙoƙarinsa kuma ya faɗi, domin a lissafinsa wannan ne zai tabbatar da cewa ba shi da kai. Sai ya sayar da makinsa don ya tsira da sunansa. Masu basira su ne suka fi faɗawa wannan rami a cikin waɗanda nake gani, domin su ne ke da sunan da za su kare.

Kada ka ɗauka gyaran tunani maganin komai ne. Wannan batu ya sha talla fiye da ƙarfinsa. A 2018 Victoria Sisk da abokan aikinta sun tattara bincike masu yawa, suka ga alaƙar da ke tsakanin maki da tunanin cewa iyawa na ƙaruwa mai rauni ce a jimlace, sai dai darussan gyaran tunanin sun fi amfanar ɗaliban da ke cikin haɗarin faɗuwa. A 2019 David Yeager da tawagarsa sun buga a mujallar Nature gwajin da suka yi da ɗaliban sakandare sama da 12,000 a Amurka. Darasi ne na ƙasa da awa ɗaya ta intanet a kan cewa ƙwaƙwalwa na ƙaruwa da aiki. Matsakaicin makin ɗalibai masu rauni ya ƙaru da 0.10 a ma'aunin da ƙololuwarsa wajen 4 ce, kuma abin ya fi aiki a makarantun da abokan karatu ba sa yi wa mai ƙoƙari dariya. Ƙari ne na gaske, ga wanda ke bakin layi yana iya raba ci da faɗuwa, amma ba shi zai mai da na ƙarshe na farko ba.

Himma daga ina take zuwa?

Masu ce maka ba ka da himma sun ɗauke ta kamar abu guda ne, ko akwai ko babu. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, waɗanda suka shafe shekaru da dama a kan wannan fanni, sun fi damuwa da asalinta. A 1971 Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan harhaɗa abubuwa mai jan hankali. Wasu ya riƙa biyansu dala ɗaya a kan kowane wanda suka warware, wasu bai biya su komai ba. Da aka daina biyan, waɗanda suka saba karɓar kuɗi suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu, waɗanda ba a taɓa biya ba suka ci gaba da abinsu. Lada ya mai da wasa aiki. Daga baya su biyun suka ce himma mai ɗorewa tana tsayawa ne a kan abu uku: mutum ya ji da zaɓinsa yake yin abin, ya ji yana iyawa, kuma ya ji yana da mutane a wurin. A wasiƙarka na biyun ne ya karye, kuma ina zargin ya ja na ukun, domin wanda ya faɗi kwas yakan fara gudun abokan karatunsa.

Ban yarda da masu cewa sai kana ƙaunar kwas za ka ci shi ba. Kowane fanni na da darussan da ba mai kwana yana mafarkinsu. Su Deci ma ba su ce duk himmar da ta zo daga waje banza ce ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ke karatu don tsoron faɗan iyaye da wanda ya ce, "Wannan lissafin ba ya burge ni, amma ba zan iya aikin da nake so ba sai da shi." Na biyun ya mai da dalilin nasa ne, kuma irin wannan himma tana jure gajiya. A 2009 Chris Hulleman da Judith Harackiewicz sun sa ɗaliban kimiyya na sakandare su riƙa rubuta yadda darasin da suka koya ya shafi rayuwarsu. Waɗanda dama ba su sa ran ci ba su ne makinsu da sha'awarsu suka fi ƙaruwa.

Amma ga abin da nake so ka riƙe. A 2012 Michelle Richardson, Charles Abraham da Rod Bond sun bi binciken shekara 13 a kan ɗaliban jami'a, suna neman waɗanne halaye ne suka fi tafiya tare da maki. Sha'awar fanni ta fito, amma da rauni. Abubuwan da suka fi ƙarfi su ne yardar ɗalibi cewa zai iya aikin da ke gabansa, da samun takamaiman makin da yake hari, da iya ci gaba da aiki ko da ya gundure shi. To ita wannan yarda daga ina ake samunta? Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda ya fito da bayaninta a 1977, ya lissafa hanyoyi huɗu: mutum ya yi abu da kansa ya ga ya yiwu, ya ga wani irinsa ya yi, a ƙarfafa masa gwiwa da baki, da kuma yanayin da jikinsa ke ciki. Ta farko ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ya sa lakcar zaburarwa kan ɗauki mutum kwana biyu ta sauke shi, amma tambaya ɗaya mai wuya da ya warware da hannunsa takan sa ya nemi ta biyu. Kai kana jiran himma ta zo ka fara karatu, alhali a mafi yawan lokaci bayan an fara take zuwa, in an ga ɗan ci gaba.

Har mafarkin nasara ma yana iya cutarwa. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor sun sa wasu ɗaliban jami'a su riƙa ɗaukar 'yan mintuna kullum kafin jarrabawa suna hasko kansu sun ci babban maki, wasu kuma su hasko kansu a zaune suna karatun: a ina, yaushe, wane babi. Masu hasko karatun suka fi yin karatu, suka fi cin maki. Masu hasko sakamakon ba su amfana ba, sun riga sun sha daɗin cin tun ba a yi aikin ba.

Inda himma ke zubewa

Ko da himmarka ta dawo gobe, in ka zuba ta a salon karatu marar kyau ɗiban ruwa da kwando za ka yi, kuma faɗuwa ta biyu bayan ƙoƙari ta fi ta farko karya gwiwa. Wannan ne abin da masu cewa "ka ƙara himma" ke mantawa.

A 1976 Ference Marton da Roger Säljö na Jami'ar Gothenburg a ƙasar Suwidin sun ba ɗalibai rubutu su karanta, sannan suka tambaye su yadda suka yi. Wasu sun bi kalmomi ne suna ƙoƙarin riƙe abin da za a iya tambaya, wasu kuma sun nemi abin da marubucin ke son cewa da yadda hujjojinsa suka haɗu. Na biyun suka fi fahimta. Tsoron faɗuwa kuwa ɓangaren farko yake tura ɗalibi, domin hadda tana ba da jin cewa an riƙe wani abu a hannu.

Wannan jin yaudara ce sau da yawa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya, a sauran zama ukun suka rufe takardar suna rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, kuma su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. Bayan mako guda suka tuna kusan kashi 40 cikin 100, masu gwada kansu kuwa kusan 61. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna salon karatu goma da ɗalibai ke amfani da su. Biyu ne suka fito a sama: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki maimakon tara shi a dare ɗaya. Maimaita karatu da ja wa layuka launi, waɗanda ɗalibai suka fi so, suna cikin na ƙasa.

Idan ɗalibi ya zo mini yana rantsuwa cewa ya karanta amma ya faɗi, ba na musu da shi. Nakan ce ya buɗe babin da ya fi amincewa da shi ya duba na ɗan lokaci. Sai in karɓi littafin in kife, in miƙa masa farar takarda in ce ya bayyana mini babin kamar ni ne ƙaninsa. Yakan fara da sauri, ya rubuta kanu da ma'anar farko, sai biro ya tsaya a layi na uku ko na huɗu. Zai ɗago ya ce, "Malam, na san shi fa, yanzu na gani." Gaskiya ya faɗa, ya gani. Idonsa ya saba da shafin har ya ɗauki sabo a matsayin sani. Jarrabawa kuwa ba ta tambayar ko ka taɓa gani, fitarwa take nema daga kan da ba littafi a gabansa.

Abin da zan ce ka yi

Fara da kwas biyun da ka faɗi. Nemi ganin takardun amsarka in ana bayarwa, in ba a bayarwa ka samo tambayoyin ka sake amsa su a zaune. Kowace tambaya da ka rasa ka rubuta dalilinta a gefe: ban taɓa karanta wurin ba, na karanta ban gane ba, na gane amma ban iya amfani da shi ba, na iya amma lokaci ya ƙure. Wannan aiki ba daɗi gare shi ba, amma shi ke sauya "ba ni da kai" ya koma jerin matsaloli masu suna, kuma kowacce maganinta daban. A fanni irin naka na fi samun ta ukun, sai kuma giɓi a lissafin baya wanda ba a taɓa cikewa ba.

Kada ka yi wa kanka alƙawarin karatun awa shida daga gobe, kafin mako ya zagayo zai rushe ya bar ka da sabuwar hujjar cewa ba ka da himma. Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi niyyar baki cika. Maimakon "zan dage", ka ce, "In an tashi daga lakcar safe ranar Litinin, zan wuce ɗakin karatu in warware tambaya biyar daga babi na biyu, waya a cikin jaka." Ka zaɓi tambayoyin da suka ɗan fi ƙarfinka, ba waɗanda za su sake kayar da kai warwas ba. Bayan kwana biyu ka koma kansu littafi a rufe, bayan mako ka sake. Za ka ji wannan salo ya fi wahala kuma kamar ba ka ci gaba, haka masu gwada kansu a binciken can suka ji. Barci kuma kada ka taɓa shi, a cikinsa ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana.

Sannan ka je wurin abokin nan naka. Na san wannan ya fi duk sauran nauyi. Kada ka ce ya koya maka darasi kawai, ce masa ya nuna maka yadda yake tafiyar da makonsa, kuma ku riƙa yi wa juna tambayoyi. Wanda ka taɓa koya wa ba kasafai yake ƙin rama alheri ba, kuma ganin wani da ka san iyakarsa ya iya yana cikin hanyoyi huɗun da Bandura ya ambata.

Inda wannan bayani ya tsaya

Yawancin binciken da na kawo an yi su ne a Amurka da Turai, kuma matsakaicin jama'a suke bayyanawa, ba mutum ɗaya ba. Alaƙar yarda da kai da maki ma hanya biyu take bi, wanda ke ci dama zai fi yarda da kansa. Ni kuma ban ga takardunka ba, wasiƙa ɗaya na karanta. Akwai ɗaliban da matsalarsu ba ta tunani ba ce ko kaɗan: wanda ke aiki da dare don ya riƙe kansa, wanda ke jinyar wani a gida, wanda ajinsu ya cika har ba ya jin malami. Ce wa irin wannan ya gyara tunaninsa zalunci ne. Mutane kuma ba ɗaya suke ba a saurin ɗauka, wannan gaskiya ce. Sai dai kwas biyu a shekarar farko, daga wanda bai taɓa koyon karatu ba, ba su isa su nuna iyakar kowa ba.

Abu ɗaya nake so ka duba da gaske. Idan mutuwar jikin nan ba a littafi kaɗai ta tsaya ba, ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so, barcinka ko cin abincinka ya rikice, baƙin ciki ya zauna maka kusan kullum har mako biyu ko fiye, to wannan ya wuce batun himma. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Ka ga likita ko mai ba da shawara na makarantarku, kada ka jira ƙarshen zango.

Batun canja fanni kuwa, wanda na san ya taɓa zo maka a rai, ba laifi ba ne, wasu sun canja sun ji daɗi. Amma kada ka yanke shi yanzu da gwiwarka ke sanyi. Yi zango guda cikakke da salon da na bayyana. In makin ya motsa, ka sami amsarka. In ka yi hakan tsakani da Allah bai motsa ba, kuma ka ga ko darussan da ka gane ba sa jan ranka, ka zauna da malamin da ke ba ɗaliban sashenku shawara ku duba fannin da ya fi dacewa da kai. Ka tambaye shi tun da wuri ƙa'idar maki da lokacin da ake karɓar buƙatar sauyi, domin kowace jami'a da nata tsarin.